Gyaran tumbi: babban aiki ko ƙarami?

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata, don Allah ku ba ni shawara. Tun da aka yi min tiyatar haihuwa fatar cikina ta saki, ta rufe tabon, lokacin zafi har ƙuraje take yi.

Likita a nan Kaduna ya ce ƙaramin aiki ƙasan cibiya kawai yake gyarawa. Babban kuwa yanka ne daga ƙugu zuwa ƙugu, a ɗinke naman cikin da ya rabe, a gyara zaman cibiya. Ni tawa rabewar ta haura cibiya, amma jinyar sati 6 ba ɗaukar kaya nake tsoro, ga goyo. Kuma ba mu gama haihuwa ba.

Wadda ta taɓa yi, ƙaramin zai wadatar ko in haƙura tukuna?