Katun da aka ɗora a YouTube ya tsira ke nan?

Daga zauren masu zanen katun da tace bidiyo na Gombe

Usman: Jama'a, ni ina nan a kan bakana. Duk katun ɗin da ya hau YouTube ko wani dandalin kallo ya tsira. Kamfanonin nan suna da rumbunan ajiya a ƙasashe daban-daban. Sayen faifan ajiya a garin nan, ga zafin Afrilu ga ƙurar hunturu, zubar da kuɗi ne.

Malama Hauwa: Ƙanena, dandalin kallo shago ne, ba rumbu ba. Ranar da mai shago ya ga kaya ba riba sai ya sauke. A Agustan 2022 dandalin kallo na HBO Max ya cire shirye-shirye da dama, da yawansu katun, har da Infinity Train. Fayil bai lalace ba, lissafin kuɗi ne. A YouTube kuwa, ƙorafin haƙƙin mallaka uku cikin kwana 90 sun isa a rufe tasha da duk abin da ke cikinta.

Usman: Yaya Hauwa, ko an rufe ai masu turi a bakin kasuwa suna da kwafi.

Injiniya Bello: Usman, wancan kwafin matsattse ne. Shiri na minti 11 a 1080p, in ka fitar da shi a ProRes 422 HQ, tsarin bidiyo mai inganci na masu tacewa, yakan kai kimanin gigabait 15. YouTube na matse shi ya koma 'yan ɗaruruwan megabait, mai turi ya ƙara matsewa don ya shiga memori. Katun ya fi jin jiki, domin sararin sama mai launi a hankali yakan koma zara-zara, gefen layin zane ya yi dishi-dishi. Kuma murya da kiɗa sun riga sun cakuɗe. Gobe aka ce a juya shirin zuwa Fulfulde ko Tangale, da me za ka cire Hausar? Dole a ajiye murya daban, kiɗa daban, sauran sauti daban, duk a WAV, tsarin sauti da ba a matse ba.

Malam Garba: Ƙari a kan na Injiniya, kada a dogara da fayil ɗin aiki kaɗai, wato wanda sai manhajar da aka yi katun da ita ke buɗe shi. Adobe ta daina tallafa wa Flash Player, manhajar kunna katun a intanet, a ƙarshen 2020, katun da yawa na intanet suka daina buɗewa sai ta manhajoji masu kwaikwayonta irin su Ruffle. A fitar da hotunan ɗaya bayan ɗaya a PNG, a kuma yi uwar kwafi a FFV1 cikin fayil ɗin MKV, tsarin bidiyo ne da ba ya zubar da komai. Amma a batun zafi Usman na da gaskiya. Filas ɗin ajiya da faifan SSD in suka daɗe ba wuta sukan fara rasa bayanai, zafi na hanzarta hakan. Ni kaset ɗin LTO, wato kaset na ajiyar bayanai, na fi yarda da shi, LTO-8 guda na ɗaukar terabait 12.

Injiniya Bello: Malam, a nan muka raba gari. Kaset ɗin ba tsada, na'urar karanta shi ce ke karya ƙugu, kuma ta LTO-8 ba ta karanta abin da ya girme LTO-7. Ƙaramin sutudiyo ya yi kwafi uku: biyu a faifan ajiya na kamfanoni mabambanta, ɗaya a ajiyar intanet ta biya. Faifai ɗaya ya zauna a Bauchi, kada gobara ko ɓarawo su haɗa su. A ɗauki lambar SHA-256 ta kowane fayil, wato lambar shaida da ke canzawa in fayil ya taɓu, bayan wata shida a kunna a gwada. Lamba ta canza, a maye gurbin daga kwafi mai lafiya.

Usman: To wa zai biya duk wannan? Mai katun da ko kuɗin data da ƙyar yake samu?

Malama Hauwa: Lissafa mana. Shiri 26 sau gigabait 15 bai kai 400 ba. Faifan terabait 2 zai ɗauke su har da hotuna da sauti. Sutudiyo uku su haɗa kuɗi, kowa ya riƙe kwafin ɗan'uwansa, a rubuta yarjejeniyar cewa riƙo ne, ba izinin sayarwa ba.

Usman: Na ji. Amma na YouTube ɗin ma ina lissafa shi kwafi na huɗu.

Malam Garba: Lissafa shi, muddin ukun farko suna nan.