Me za mu kira "Municipal Utility District" na jihar Texas ta Amurka da Hausa?

Mai fassara: Salamu alaikum. Ina neman kalmar da za ta zauna wa MUD, wato abin da majalisar dokokin Texas ke kafawa da doka ta musamman domin a kai ruwa da magudanai sabuwar unguwa. Na fara sa "ƙaramar hukuma", amma raina bai kwanta ba.

Lauya: Wa alaikumus salam, Malam. Gara da bai kwanta ba, don wannan ba ta da ciyaman, ba ta da kansiloli. Daraktoci 5 ke tafiyar da ita. Tushenta sashe na 59 na babi na 16 na tsarin mulkin jihar, gyaran 1917, sai babi na 54 na dokar ruwa. Hanya biyu ake kafa ta: ko ta hukumar kula da muhalli ta TCEQ, ko majalisa ta yi mata doka da sunanta da iyakar filinta. Bayan haka sai an kaɗa ƙuri'ar tabbatarwa. Ni "gunduma" nake gani, tunda yanki ne mai iyaka.

Injiniyan ruwa: Barista, gunduma kaɗai za ta sa mai karatu ya hango hakimi da rawani. A duba aikinta. Mai fili ne ke fara zuba kuɗinsa, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya shimfiɗa bututu, ya gina matatar ƙazanta da kwalbatoci. Idan gidaje sun tashi, sai ta sayar da takardun bashi ta mayar masa da kuɗinsa, mazauna kuma su yi shekaru suna biya ta harajin gida. A ce dala 1 ce kan kowace dala 100 ta darajar gida: mai gidan dala 300,000 zai biya 3,000 a shekara, ban da kuɗin shan ruwa na wata-wata. Dole sunan ya nuna harajin nan.

Malamar jami'a: To "ƙungiyar raya unguwa" fa, Injiniya?

Injiniyan ruwa: A'a, Hajiya. Karo-karon ƙungiya na ganin dama ne, wannan kuwa wanda ya ƙi biya gidansa na iya salwanta. An gani a Houston a shekarun 1980 da farashin mai ya faɗi: filaye suka zauna babu gini, bashin ya dawo kan 'yan gidajen da aka riga aka shiga, haraji ya yi tashin gwauron zabi, wasu gundumomin suka kasa biya. Shi ya sa aka tsaurara sharuɗɗan sayar da takardun.

Lauya: Kada kuma batun ƙuri'ar tabbatarwar nan ya ruɗe ku. Sau da yawa filin daji ne, sai a ajiye gidan tirela a zaunar da mutum biyu ko uku, su ne masu ƙuri'ar da za su amince da bashin miliyoyi. Mai sayen gida daga baya takardar sanarwa kawai doka ta ce a ba shi ya sa hannu. In birni ya haɗiye yankin, kamar yadda Houston ta yi wa Kingwood a 1996, shi ke gadon bashin.

Malamar jami'a: Na janye tawa. A can ma cikin gundumomin ruwa ake lissafa ta. Mu ce "gundumar ruwa da magudanai mai ikon sa haraji" a ambaton farko, daga nan "gundumar ruwa" ta wadatar.

Mai fassara: Na karɓa, Allah ya saka da alheri. Takardun kuma zan bar su "takardun bashi", ba zan ce sukuk irin na tsarin Musulunci ba, tunda akwai kuɗin ruwa, wato ruwan bashi, a kansu.