Musayar Waƙa: Nazim Hikmet, Mawaƙin Kurkukun Bursa

Amsa-amonmu "wa" ne. Kowa ya ɗora daga inda ɗan'uwansa ya tsaya.

Malam Sani:
Bismilla 'yan'uwa, ga fage nan na buɗewa,
Nazim Hikmet na Turkiyya muke tunawa.
A Salonika, 1902, aka yi haihuwa,
Daular Usmaniyya tana gab da rushewa.
Ya shiga sojan ruwa, ciwon ƙirji ya hana daɗewa,
1921 yana garin Bolu na Turkiyya, ya kama koyarwa,
Daga nan sai Mosko, inda waƙarsa ta soma sauyawa.

Hajiya Rabi:
Malam, Allah ya ƙara sani, kaina yana ɗaurewa,
An ce ya yar da aruli, ya daina ƙirgawa.
Waƙar da ba ta da kari, da me ta fi zancen kasuwa?

Baba Ilu:
'Yata, aruli na son gaɓa doguwa da gajeruwa,
Hausa na da su duka, shi ya sa baitinmu ke zaunawa.
Kalmar Turkanci ta asali, wasalinta ba ya miƙewa,
Sai mawaƙi ya ja shi da ƙarfi, kunne ya ji karyewa,
Ko ya ari Larabci da Farisanci don cikewa,
Manomi ya saurara, ya tashi babu ganewa.
Awon gargajiyarsu kuwa gaɓa ake lissafawa,
11 a layi, 6 da 5, a tsaka a yi tsayawa.
Da shi Nazim ya fara, riga ta yi masa matsewa.
Ya ga tsarin Mayakovsky mawaƙin Rasha, kamar matakala na gangarowa,
Dogon layi, sai kalma ɗaya tak, numfashi ke aunawa.
Amsa-amo bai yar ba, wurin zamansa yake sauyawa.
Littafinsa 835 Satır, 1929 ya ga fitowa.

Hajiya Rabi:
Baba na ji, in numfashi ne awo akwai wuyar koyarwa,
Mai ƙaramin gwaninta zai yanka zube ya ce ya yi rerawa.
To wane laifi ya kai shi ga ɗaurewa?

Malama Hadiza:
Yaya, 1938 kotun soja ta yi yankewa,
Ɗaliban soja na karanta shi, aka ce tunzurawa,
Shekara 28 da wata 4, zalunci ne ba ɓoyewa.
Daga kurkukun Çankırı sai na Bursa, a can ya fi daɗewa,
Ya kafa masaƙa a kurkuku, iyali su samu ciyarwa.
Orhan Kemal, matashin fursuna, na ɗakinsa da baitoci yana gwadawa,
Nazim ya ce masa ya koma zube, a nan ya yi shaharawa.
Balaban, fursuna ɗan ƙauye, zane ya koya har ƙwarewa.
Labarin fursunoni yake ji, yana ta rubutawa,
Manomi da soja da leburan dogo, duk ya sa su a rerawa.
1950 ya ƙi abinci, jiki yana ramewa,
Uwarsa Celile a gadar Galata ta Istanbul, ido yana dushewa,
Sa hannu take roƙo wurin masu wucewa.
Watan Yuli aka yi afuwa, ƙofa ta ga buɗewa.

Malam Sani:
Sakin bai zo da hutu ba, 'yan sanda na bibiyawa,
Mai ciwon zuciya aka kira aikin soja, ya gane manufar kashewa.
1951, ƙaramin jirgi, Bahar Aswad ya yi ratsawa,
Jirgin Romaniya ya tsince shi, ba sauran komawa.
Aka soke masa zama ɗan ƙasa, littattafansa a haramtawa,
Sai 1965 Turkawa suka koma bugawa.
A Mosko ma bai yi shiru ba, wasan kwaikwayonsa aka hana nunawa.
Yarinyar Hiroshima mai shekara 7 da bam ya kashe, da waƙa ya sa duniya tunawa.

Baba Ilu:
3 ga Yuni, 1963, zuciya ta yi tsayawa.
Wasiyyarsa, maƙabartar ƙauyen Anatoliya don binnewa,
Bishiya guda a kansa, ko dutse ba ya nemawa.
2009 aka maido masa da ƙasa, takarda ce ta dawowa,
Gawar na maƙabartar Novodevichy a Mosko har yau, ba a yi ɗaukowa.