Kalmar "stint" ta ɗaure mini kai

'Yar Fassara:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana Turanci a kan wata 'yar kalma mai harafi biyar, "stint". Aikin fassara ne a hannuna, tarihin wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya 'yar Ingila da 'ya'yanta suka rubuta bayan rasuwarta, shafi shida kacal. Sau uku kalmar ta fito, kowane karo da fuskarta daban. A shafin farko an ce ta yi "a two-year stint" a wani asibiti a Landan. A na huɗu an ce "she never stinted on time with her patients". A layin ƙarshe kuma aka yaba mata da "unstinting kindness". Da na buɗe ƙamus sai ya ƙaro mini da sunan tsuntsu.

Tun la'asar nake kan jimlar farko. Na rubuta "wa'adi" na goge, na rubuta "zama" na goge. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, 'ya'yan nan cikin jimami suka zaɓi kalmominsu, ba na son in sa musu a baki abin da ba su faɗa ba. Shin kalma ɗaya ce mai rassa, ko kalmomi ne daban da suka yi kama?

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, ukun nan da kika lissafa saiwarsu ɗaya.

A tsohon Turanci, na kafin shekara ta 1100, akwai aikatau "styntan", ma'anarsa a dakushe abu. Daga baya ta koma nufin dainawa: yaro yana kuka ya yi shiru, sai a ce ya yi "stint". Wannan ma'anar ta mutu, sai a tsofaffin littattafai. Amma ki bi sawun da kyau. Wanda ya tsayar da abu kafin ya kai ƙarshe ya gajarta shi, wanda ya gajarta abin da zai bayar kuwa ƙwauro ya yi. Ga ma'anarki ta biyu ke nan. Shi kuma abin da aka yanka aka ce nan ne iyakarka, na aiki ko na lokaci, shi ne "stint" ɗin shafinki na farko. Danginta ɗaya da "stunted", wadda ake faɗa wa yaro ko shuka da suka tsumbure.

A jimla ta biyu ina ganin ba ki da abin da ya fi "ba ta taɓa yi wa marasa lafiya ƙwauron lokacinta ba". Kada ki sa rowa. Marowaci hanawa yake yi, mai ƙwauro kuwa yana bayarwa, sai dai a ƙididdige, kuma wannan ne Turancin ke nufi. Ta ukun kishiyarta ce, alherin da ba a aunawa.

Ta farkon kuma, ki bar neman suna. Hausa ba ta buƙatarsa a nan. "Ta yi shekara biyu tana aiki a wani asibiti a Landan" ya wadatar. Wa'adi ya yi nauyi, yana sa mutum ya tuna da kujerar mulki ko zaman kaso.

Mai Son Tarihi:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, na ƙaru. Sai dai ina da 'yar ja a kan jimlar farko.

Kalmar nan ta daɗe a bakin masu aikin ƙarfi. A da, a ramukan haƙar kwal na Ingila, "stint" shi ne tsawon bangon kwal da ake auna wa mutum ɗaya da yadi, a ce sai ya kwashe shi kafin ya tashi aiki. Ba agogo ne ke sallamarsa ba, kasonsa ne. Kalmarmu da ta fi kusa da wannan ita ce jinga. Haka kuma a tsaunukan arewacin Ingila, inda makiyaya ke tarayya a fili ɗaya, kowa yana da adadin "stint" ɗinsa, wato yawan dabbobin da aka yarje masa ya saki a filin don kada ciyawa ta ƙare. A wani wuri guda ɗaya yana daidai da saniya ɗaya, ko tumaki kaɗan a madadinta, kowane fili da nasa lissafin.

Abin da nake son 'yar'uwa ta lura da shi, wannan ƙamshin bai bar kalmar ba har yau. Idan Bature ya ce ya yi "stint" a wuri, yana nufin yanki ne na rayuwarsa mai farko da ƙarshe, an yi an wuce, kuma galibi aiki ne ko wani nauyi, kamar soja ko kurkuku. Da wuya ka ji an faɗe ta a kan hutu. "Ta yi shekara biyu tana aiki" daidai ne, amma bai nuna cewa zango ne ba. Da ni ne, zan ƙara kalma ɗaya: "ta taɓa yin shekara biyu".

Ɗan Tsere:

Anti, mu a tseren motoci na Formula 1 kullum muna jin ta. Zagayen da direba ya yi da tayoyi ɗaya, daga canji zuwa canji, shi ne "stint". Tsuntsun kuwa ɗan mitsitsi ne mai kiwo a bakin ruwa, yana ƙyanƙyasa can ƙuryar arewacin duniya, sanyi ya koro shi Afirka. Ƙamusoshi da yawa gurbinsa daban suke ware masa, don haka ki fitar da shi daga lissafi. Kuma tunda rubutun na asibiti ne, ki kula da "stent", ɗan bututun da likitoci ke sakawa a jijiyar jini. Harafi ɗaya ne ya raba su.

'Yar Fassara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Malam, na ɗauki ƙwauro kamar yadda ka ce, ta zauna daram. A jimlar farko kuma na bi shawarar ɗan'uwa mai tarihi, domin da na sake karantawa sai na ga bayan Landan ta koma garinsu ta yi shekara talatin a asibiti ɗaya, ka ga Landan zango ne kawai.

Yanzu ne ma na lura da abin da 'ya'yan suka yi. Sun buɗe da shekarun da aka ƙayyade mata, suka rufe da kalmar nan dai, an juya ta. Ina son mai karatun Hausa ya ji wannan amon, shi ya sa a layin ƙarshe na rubuta "alherin da ba ta taɓa yi wa kowa ƙwauronsa ba". Baba Malam, maimaita ƙwauro sau biyu cikin shafi uku bai yi yawa ba?