Don Allah ku taimaka min, kalmomin Turanci masu kama da juna sun kunyata ni

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni sakatariya ce a wata makarantar kuɗi, watana huɗu da fara aiki. Ranar Litinin na buga takardar da za a raba wa iyayen yara, wurin sa hannu na rubuta "Principle" maimakon "Principal", a tsakiya kuma na sa "do not loose your receipt". Sai da aka gama fitar da kwafi sannan shugabar makaranta ta gani. Ba ta yi faɗa ba, jan biro kawai ta sa ta zagaye su, amma wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin haushin ma, kwamfutar ba ta ja musu layi ba. Yaya zan yi in riƙe bambancinsu?

Wata mamba: Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata. Kwamfuta ba za ta ja layi ba ai, tunda duka kalmomin suna cikin ƙamus. Ita ba ta san abin da ke ranki ba.

Malamin Turanci: Malama, raba su gida biyu. Akwai waɗanda kunne zai taimake ki. "Loose" da sautin s take ƙarewa, ma'anarta abu ya yi sako-sako, kamar rigar da ta yi wa mutum yawa. "Lose" da sautin z ake furta ta, ita ce ɓatar da abu ko faɗuwa a gasa. Haka "advice" da "advise": ta farko suna ce, wato shawarar kanta, ta biyu aikatau ce, bayar da shawarar, ita ma da z. Mu da tun muna yara muke bambance kuka na hawaye da kuka ta miya, ko gari na zama da gari na tuwo, da kunne kawai, wannan bai isa ya ba mu tsoro ba.

Gida na biyu kuwa kunne ba ya aiki, don furucinsu ɗaya ne. Nan "principal" da "principle" suke, kuma asalinsu ma ɗaya ne daga Latin, kalmar da ke nufin na farko ko shugaba. "Principal" shugaban makaranta ne, ko uwar kuɗi a bashi, ko abu mafi muhimmanci. "Principle" ƙa'ida ce, ba ta taɓa zama mutum. In akwai mai sa hannu, to "-pal" ce.

Wani mamba: Naki da sauƙi. Ni allon shagona aka rubuta wa "Stationary", ya shekara biyu a rataye kafin wani ɗan sakandare ya ce min Alhaji, ka rubuta cewa shagon a tsaye yake ba ya motsi. Kayan rubutu da e ne, "stationery". Na ce masa ai gaskiya allon ya faɗa, ciniki ya tsaya.

Wata ɗalibar jami'a: Anti, ki ƙara da "affect" aikatau, "effect" suna. Shi ke nan.

Malamin Turanci: Galibi haka ne, 'yata, amma ba kullum ba. "To effect a change" daidai ne, yana nufin aiwatar da sauyi. Kuma tunda takardun ofis take bugawa, ta kula da "practice" da "practise", da "licence" da "license". A rubutun Ingila, wanda makarantunmu suka fi bi, mai c suna ce, mai s aikatau. Amurkawa ba sa raba su, shi ya sa kwamfutar da aka saita a Turancin Amurka take ruɗa mutum.

Wata mamba: Ni dai haddar jeri ba ta taɓa zauna min ba. Ƙaramin littafi na ajiye a durowa, duk kalmar da ta kayar da ni sai in rubuta ta cikin jimlar da ta shafi aikina, da fassarar Hausa a gefe.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, ashe kwamfutar a Turancin Amurka take, na canza. Malam, saura ɗaya: gaisuwar sallah da za mu aika wa iyaye, "compliments" ce ko "complements"?

Malamin Turanci: Mai i. Mai e ɗin cikon abu ce.