Biyan kuɗin shara gwargwadon abin da gida ya fitar: da me ake aunawa?

Abu Khadija:
Assalamu alaikum. Tsarin nan da kowane gida ke biyan kuɗin kwashe shara daidai da abin da ya zubar, yaya ake auna shi a aikace? Da kilo ne ko da girman mazubi? Kuma me zai hana mutum ya lallaɓa da dare ya juye tasa a kwata?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Hanya uku aka fi bi. Mafi sauƙi ita ce leda: hukuma ta buga leda mai tambari, lita 10 ko 20 ko fiye, kuɗin kwasa yana cikin farashinta, masu kwasa kuma ba sa ɗaukar wata sai ita. Koriya ta Kudu ta fara haka a 1995, birnin Taipei ya biyo baya a 2000. Ta biyu mazubi ce, gida ya zaɓi mai lita 120 ko 240, ko a riƙa ƙirga sau nawa aka juye masa.

Ta uku ita ce kilo. Ana maƙala wa mazubi 'yar na'ura mai lambar gidan, hannun motar da ke ɗaga shi yana da sikeli, ya auna shi cike, ya sake aunawa bayan an juye, bambancin shi ake rubuta wa gidan. Ta fi adalci, amma akwai tsada, kuma sikelin sai ana daidaita shi a kai a kai. Mazubin da aka bari buɗe ruwan sama ya shiga, mai gida zai biya kuɗin ruwa. Inda ake auna girma kuwa, mutane danna shara suke yi da ƙafa har leda ta fashe.

Maman Ihsan:
Injiniya, a ƙara da wannan: kuskure ne a ɗora kuɗin duka a kan awo. Mota da mai da albashin ma'aikata ba sa raguwa don shara ta ragu, dole motar ta bi kowane layi. Shi ya sa ake raba kuɗin kashi biyu, wani tsayayye da kowa ke biya, wani mai hawa da sauka. Gidan da ke da jariri ko majinyaci mai amfani da famfas kuwa ya cancanci leda kyauta, don ba ɓarna yake yi ba.

Dattijo:
Malam Abu Khadija, tsoronka yana kan hanya. Ana samun masu zubarwa a ɓoye, da masu ƙonawa a bayan gida, da masu cusa ƙazanta cikin mazubin roba da kwali saboda shi kyauta ne, sai a ɓata kayan da za a sake sarrafawa. Maganin shi ne kafin a fara karɓar ko kwabo a buɗe wa mutane inda za su kai roba da kwalba da ragowar abinci, sannan a sa tara a kuma aiwatar da ita. Ragowar abinci ita ce mafi nauyi saboda ruwan da ke cikinta. A Seoul akwai mazuban da sai ka sa kati za su buɗe, su auna naka kai kaɗai, wanda ya warware matsalar sanin abin da kowane gida ya zubar a benaye masu mazubi ɗaya. Hong Kong ta sa ranar farawa a 2024, ta yi gwaji, mutane da yawa ba su yi amfani da ledar ba, sai ta jingine tsarin.