Firefox na yin daban, Chrome na yin daban bayan AJAX: wa ya taɓa gani?

Bakano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da fom na rajistar ɗalibai. Idan aka danna "Ajiye", fetch ya tura bayanan ta AJAX (wato ba tare da an bar shafin ba), sai location.reload() ya sabunta shafin. A Chrome lafiya lau. A Firefox kuwa wani lokaci bayanan ba sa isa saba, kuma ko shafin ya dawo, maɓallin yana nan a kashe.

'Yar Zariya: Wa alaikumus salam. Malam, matsala biyu ce a nan. Ta maɓallin halin Firefox ne tun da daɗewa: idan ka kashe maɓalli da disabled, yana riƙe shi haka har bayan an sabunta, tare da abin da aka rubuta a fom. Ni akwatin zaɓen ƙaramar hukuma ne ya wahalar da ni, jiha ta koma ta farko amma ƙaramar hukumar tana nan ta dā. Sa autocomplete="off" a fom ɗin.

Na Damagaram: Ɗayar kuma, ina ka ajiye reload ɗin? In yana ƙasan fetch kai tsaye, ba cikin then ko bayan await ba, to tsere ake yi: burauza na yanke buƙatar kafin amsa ta dawo. A localhost, wato sabar da ke kan kwamfutarka, ba ka gani, don kafin ƙiftawar ido an gama. Sai ranar da netwok ya yi nauyi. Buɗe sashen Network a kayan binciken burauza (DevTools), kunna Persist Logs don kada sabuntawar ta share tarihin, za ka ga NS_BINDING_ABORTED. Chrome kuma (canceled) yake rubutawa, shi ma yana yanka, sa'a kawai kake ci. Duba maɓallin ma: in yana cikin form ba ka sa type="button" ba, shi da kansa zai tura fom ɗin.

Tsohon Hannu: Ku yaran yanzu kun huta. A zamaninmu Internet Explorer adana amsar GET yake yi, ka goge abu, ka sabunta, ya sake nuna maka shi. Da cache:false na jQuery muka riƙa tsira, wanda ke liƙa lokaci a wutsiyar adireshi. A 2012 Safari na iOS 6 har POST ya riƙa adanawa! Tun lokacin duk amsar da ke canzawa sai na sa mata Cache-Control: no-store. Kada ka dogara da reload(true), Firefox ne kawai ya san da zamansa.

'Yar Zariya: Baba, ni fa ban ga dalilin sabunta shafin gaba ɗaya ba. Ya gyara layin da ya canza kawai, datar mutane ma ta huta. A gwada da Opera Mini kuma, don a yanayinsa na Extreme a sabar Opera JavaScript ke aiki, kuma ba a ba shi dogon lokaci.

Bakano: Allah ya saka da alheri. Da await da autocomplete duka biyun sun tafi. Saura ɗaya: a iPhone in aka danna komawa baya, tsohon jerin sunaye ke fitowa.

Na Damagaram: Wannan bfcache ne, wato burauza ta adana shafin yadda ka bar shi don komawa baya. Saurari pageshow, in event.persisted ya zama true ka sake ɗauko jerin.